Filin Tambaya da Amsa: Ƙwai Mai Ciko da Kindirmo da Yaji

Assalamu alaikum, masu karatu. Tambayoyin da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan abinci ɗaya suke: dafaffen ƙwan nan da ake tsagawa biyu, a ƙwaƙule gwaiduwar a kwaɓa ta da kayan ɗanɗano, sannan a mayar da ita cikin ramin farin. Mu a wannan fili ƙwai mai ciko muke kiransa. Kayan haɗinsa ba su da yawa, shi ya sa ɗan kuskure kaɗan yake fitowa fili a jikinsa. Yawancin masu tambayar kuwa buƙatarsu ɗaya ce, a rage maiƙo ba tare da an kashe daɗi ba.

Tambaya: Na ga hoton ƙwan nan a intanet ya ba ni sha'awa, sai 'yata ta ce mini sunansa da Turanci yana nufin "ƙwan shaiɗan". Nan take jikina ya yi sanyi. Me ke cikinsa da har aka laƙaba masa wannan suna? — Wata uwargida daga Zariya

Amsa: Uwargida, kwantar da hankalinki, yaji ne ya jawo masa sunan. Tun ƙarni na 18 masu girki a Ingila suke jingina abincin da aka cika wa barkono da mastad (wani kwaɓin ɗanɗano mai ɗan yaji na Turawa) ga shaiɗan, don zafinsa yana tuna musu da wuta. An ga kalmar "devil", wato shaiɗan, a rubuce da wannan ma'ana tun 1786. Ko a Amurka, inda ƙwan yake da farin jini ƙwarai a yau, akwai masu ƙyamar sunan. A wajen cin abincin coci, musamman a kudancin ƙasar, "cusasshen ƙwai" ko "ƙwai mai ado" suke cewa, wasu ma "ƙwan mala'iku". Faransawa kuwa mimoza suke kiransa, sunan wani fure mai ruwan ɗorawa, saboda sukan barbaɗa gogaggiyar gwaiduwa a kai.

Abincin ma ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Rumawan da can da dafaffen ƙwai mai yaji suke buɗe liyafa. A wani kundin girki na Andalus na ƙarni na 13, zamanin da Musulmi ke can, an bayyana yadda ake daka gwaiduwa da ruwan albasa da masoro da mai da gishiri da wani jiƙaƙƙen kayan ɗanɗano mai suna murri, a cusa a cikin farin, a haɗe ɓangarorin biyu a soke da tsinke. Abu biyu kawai za ki kula da su a girkin Turawa. Sukan barbaɗa soyayyen naman alade a kai, mu kuwa garin kilishi ya wadatar da mu. Sannan wasu kwalaben mastad irin na Dijon ana zuba musu farar giya, don haka ki karanta jikin kwalba kafin ki saya.

Tambaya: Sau biyu ina gwadawa, duk a wajen ɓarewa nake tafka asara. Ɓawon yana tahowa da tsokar farin, ƙwan ya fito duk rami-rami, ga wani baƙi-baƙi mai kore ya zagaye gwaiduwar, ga wari. Ƙwan ne ba kyau ko ni ce ban iya ba? — Amarya daga Gombe

Amsa: Amarya, ƙwanki lafiyarsa ƙalau. Matsala biyu ce kika haɗa, kowacce da dalilinta.

Mu fara da ɓarewa. Tsakanin ɓawo da farin ƙwai akwai wani siririn tantani. A ƙwan da kaza ta saka jiya ko shekaranjiya, farin yana kama wannan tantanin gam idan ya dahu. Da kwanaki suka tafi, iskar da ke cikin farin tana sulalewa ta dubban ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo, sai kamun ya sassauta. Saboda haka sabon ƙwai na suya ne. Na ciko sai wanda ya yi kwana 7 zuwa 10 a firij, ko kwana 3 zuwa 5 a kan kiret a irin zafin garuruwanmu, kuma yawancin na shago ya riga ya kai haka. Ki gwada shi a kwanon ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya tsaya da kai yana taɓa ƙasa shi ne naki, wanda ya taso sama ki rabu da shi.

Abin da ya fi shekarun ƙwan tasiri shi ne yadda kika fara dahuwar. Idan kika saka shi a ruwan sanyi kika ɗora, farin yana dahuwa ne a hankali yana mannewa da tantanin kamar an shafa ƙaro. Idan kuwa ya faɗa ruwan da ke tafasa, bayan farin yana ƙanƙamewa nan take ya janye daga tantanin. Don haka ki bari ruwan ya tafasa tukuna, mai yawan da zai sha kan ƙwan da kamar yatsa biyu. Ki riƙa saukar da su ɗaya-ɗaya da ludayi, ki rage wuta yadda ruwan zai riƙa motsi ba ya watsal da su, ki duba agogo. Ƙwan da ke ajiye a ɗaki minti 10 zuwa 11 ya ishe shi, wanda ya fito daga firij minti 12. A minti biyun farko ki riƙa juya su a hankali da cokali. Wannan ne yake zaunar da gwaiduwar a tsakiya, don in ta karkata gefe guda, bangon farin a wajen yakan yi siriri ya yage lokacin ciko.

In kina da madambaci, ya ma fi tukunya. Ki zuba ruwa kaɗan a ƙasa, in tururi ya tashi sosai ki jera ƙwan layi ɗaya, ki rufe, ki ba shi minti 12. Ƙwai ba ya karo da ɗan'uwansa a madambaci, don haka fashewa ta yi ƙaranci.

Lokaci na cika ki kwashe su zuwa cikin ruwan ƙanƙara, su yi minti 10 zuwa 15. In babu ƙanƙara, ruwan randa ma ya yi, sai dai ki sauya shi sau uku, don ƙwai shida suna ɗumama kwanon ruwa cikin minti biyu. Ki fara fasawa ta gindin nan mai faɗi inda ramin iska yake, ki murza ƙwan a tafin hannu ya tsattsage ko'ina, ki sa farce ƙarƙashin tantanin, ki ɓare a cikin ruwa. Za ki ga ɓawon yana zamewa, ƙwan ya fito sumul.

Shi kuwa zoben nan mai kore, da warin, duk aikin wuce lokaci ne. Gwaiduwa tana da sinadarin ƙarfe, fari yana da sinadarin farar wuta. Idan zafi ya daɗe, farin yana sakin iska mai wari, ta haɗu da ƙarfen a bakin gwaiduwa, launin ya fito. Ba ya cutarwa, amma alama ce cewa gwaiduwar ta bushe ta zama gari, farin kuma ya yi tauri kamar roba. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun wajen digiri 62 a ma'aunin Salshiyos, gwaiduwa wajen 70, ki ga ke nan minti 20 a ruwa mai digiri 100 azaba ce. Al'adar nan ta jefa ƙwai a tukunyar shinkafa a bar shi sai shinkafa ta tsotse ba ta dace da wannan girkin ba.

Tambaya: Likita ya ce maigida ya rage maiƙo, shi kuma yana son ƙwan nan ƙwarai. Da bama nake kwaɓawa, ni kaina biyu nake ci ya ginshe ni. Da me zan maye gurbin baman, kuma nawa-nawa zan zuba? — Hajiya daga Katsina

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe, maganin yana cikin ƙwaryar 'yar Fulani, wato kindirmo. Amma sai an tsane shi, kuma a nan gizo ke saƙar.

Mayonis, wanda muka saba kira bama, kusan kashi uku cikin huɗu nasa mai ne, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kalori 90 zuwa 100. Aiki uku yake yi a cikin ciko: yana haɗe kan gwaiduwa, yana ba ta santsi, yana kawo ɗan tsami. Kindirmo zai yi na farko da na ƙarshe, har ma ya fi shi iya tsamin. Aibinsa ɗaya, fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Wadda ta zuba shi yadda ta sayo, kunu za ta samu.

Ga yadda ake tsane shi. Ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, irin na tatar gasara, a cikin rariya, ki ɗora rariyar a kan kwano, ki juye kofi ɗaya na kindirmo, ki saka a firij awa 2 zuwa 3. Kusan rabinsa zai tsiyaye. Alamar ya yi ita ce ki ɗebo da cokali ki kifa cokalin, ya ƙi faɗowa. In babu wuta, ki ɗaure bakin ƙyallen ki rataye a wuri mai sanyi na awa ɗaya, ki ɗan matsa a hankali. Ruwan da ya tsiyaye kada ki zubar, yana kyau a kwaɓin fanke. Tunda ba za a sake dafa kindirmon ba, ki saya a wajen wadda kika yarda da tsabtarta, wadda kuma kika san tana tafasa madararta kafin ta kwantar. In yogot ɗin shago za ki yi amfani da shi, sai marar suga. Ki duba jikin robar, wanda aka yi wa kauri da sitaci ba ya tsanewa yadda ake so.

Ma'aunin ƙwai 6, wato ɓari 12, shi ne: tsanannen kindirmo babban cokali 3, man zaitun ko man gyaɗa mai kyau ƙaramin cokali 2, ruwan lemon tsami ƙaramin cokali 1, mastad ƙaramin cokali 1, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, dakakken masoro ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauko, da yankakken lawashi babban cokali 1. In babu mastad, ki ƙara rabin ƙaramin cokali na lemon tsami da ɗan garin citta. Shawararmu ki dafa ƙwai 7 maimakon 6. Gwaiduwar na bakwai tana sa cikon ya yi tozo a kan farin, in kuma wani ɓari ya yage kina da madadi.

Ki tsaga ƙwan a tsaye da siririyar wuƙa mai kaifi, kina goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle bayan kowane ƙwai, don kada gwaiduwa ta ɓata gefen farin. Zaren ɗinki ma yana yanka shi fes. Ki ɗan lanƙwasa farin, gwaiduwar za ta faɗo da kanta. Daga nan sai matakin da yawanci ake tsallakewa: ki murƙushe gwaiduwar ita kaɗai tukuna, kafin komai mai ruwa ya taɓa ta. Ki danna ta da bayan cokali ta cikin rariya mai ƙananan ido har ta zubo luƙui kamar garin ɗorawa. Idan kindirmo ya riga ya shiga, gudajin da suka rage suna zillewa cokali, ba za su mutu ba. Bayan ta yi laushi ki zuba man ki juya, sai kindirmo cokali-cokali, sai lemon tsami da mastad da gishiri da masoro. Lawashi ne ƙarshe.

Kada ki ce tunda rage maiƙo ake yi bari ki cire man gaba ɗaya. Cikon zai fito ƙandas ya manne a ganɗa. Ƙaramin cokali biyun nan da aka raba wa ɓari goma sha biyu su ne suke riƙe santsin. Wajen ɗanɗanawa kuma, ki bari tsami ya ɗan ɗara yadda kike so, saboda farin ƙwai lami ne, sanyin firij kuma yana dusashe ɗanɗano. Tsamin nan ne yake hana ginsa, shi ne kuma yake sa ba a neman ƙarin gishiri.

Ki zuba cikon a leda mai kauri, ki tura shi kusurwa ɗaya, ki yanke bakin kamar faɗin ɗan yatsa, ki matsa a cikin ramin. In ɓarin yana gangarawa a faranti, ki shafce ɗan siririn yanki daga ƙasansa ya zauna daram. Yaji sai za a kai gaban mai ci ake barbaɗawa.

Ga lissafin, don maigida ya sani: babban ƙwai ɗaya yana da kalori kimanin 72. Da bama cokali 3, kowane ɓari yana kaiwa wajen 60. Da kindirmo da ɗan mai, wajen 47. A faranti ɗaya mai ɓari 12 an rage kimanin 150, an kuma ƙaru da furotin da sinadarin ƙarfafa ƙashi na madara.

Tambaya: Na yi da kindirmo, na goga albasa na yanka tumatir a ciki don ya yi armashi. Da farko ya yi kyau, bayan rabin awa sai ga ruwa kwance a faranti, cikon ya zube tsululu. Ina kuskuren? — 'Yar'uwarku daga Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, gogaggiyar albasa ma haka take zubar da ruwa, gishirin da kika sa kuma shi ne yake jawo ruwan waje sannu a hankali. Shi ya sa abin ya yi kyau da farko ya lalace daga baya. Gogaggiyar albasa tana da wata illar, ƙarfinta yana ƙaruwa in ta zauna, bayan awa ɗaya sai ta danne komai.

Tumatir kada ya shiga cikin kwaɓin sam. In kina sonsa, ki cire 'ya'yan da ruwan cikin, ki yanka tsokar ƙanana ki ɗora a sama lokacin ci. Albasa kuwa ki yanka ta mitsi-mitsi da wuƙa, ki jiƙa a ruwan lemon tsami minti 10, ki matse a ƙyalle, babban cokali ɗaya ya isa ƙwai shida. In launi ja da zaƙi kike nema, gasasshen tattasai ya fi tumatir: ki gasa rabinsa a kan wuta har bayan ya yi baƙi, ki rufe a kwano minti 5, ki saɓule fatar, ki yanka, ki matse shi ma. Sannan ki duba farin ƙwan kansa. Wanda aka ɓare a ruwa yana riƙe ɗigo a cikin ramin, sai an kifa shi a kan busasshen ƙyalle ya tsane.

In aikin gama ya gama, cikon ya riga ya yi ruwa, akwai ceto. Ki dafa ƙarin ƙwai ɗaya ko biyu ki tace gwaiduwarsu a ciki, ko ki danna farin da ya yage ta rariya ki haɗa, ko ki zuba garin ƙuli ƙaramin cokali ɗaya ki jira minti 10. Kada ki zuba fulawa ko garin masara, ɗanye ne, za a ji shi a baki.

Tambaya: Na ji ana yi da fiya. Na gwada da safe don baƙin yamma, kafin su zo ya koma ruwan ƙasa, kunya ta hana ni fito da shi. — Maman 'yan biyu, Jos

Amsa: Maman 'yan biyu, fiya ba ta jira. Da zarar an yanka ta iska ta taɓa tsokar, wani sinadari da ke cikinta yake fara mayar da ita ruwan ƙasa, kamar yadda yankakken dankali ko gauta ke yi. Tsami yana rage saurin abin, amma ba ya hana shi. Ki yi dahuwa da ɓarewa da safe, fiyar kuwa kada ki yanka ta sai saura awa ɗaya a ci. Ga gwaiduwa 6, rabin fiya matsakaiciya, lemon tsami ƙaramin cokali 2, gishiri rubu'in ƙaramin cokali, da ɗan attaruhu kamar rubu'in guda da aka cire wa 'ya'ya aka daka. Ba a sa mai, fiyar ta wadatar. Ki zaɓi wadda in kin danna kusa da hancinta take ɗan lotsawa. Ɗanya tana da bauri kuma ba ta murƙushuwa, wadda ta nuna tiɓis kuma tana da zare-zare baƙi. In dole sai cikon ya ɗan jira, ki ɗura shi a leda ki matse iskar tas ki ɗaure ki sa a firij. Ki sani kuma rabin fiyar nan yana da kalori wajen 110, kusan daidai da haɗin kindirmo da mai. Ribarta ita ce irin man da ke cikinta mai kyau ne ga zuciya, ga kuma harza mai taimakon hanji.

Tambaya: A nan Gana muna cin dafaffen ƙwai da ake tsagawa a zuba masa dakakken barkono da tumatir da albasa, Ashantawa suna ce masa kosua ne meko. Iyalina sun fi son ɗanɗanon gida a kan mastad. Kayan yajinmu za su shiga wannan ƙwan? Ƙwan zabi fa? — Ɗan'uwanku daga Zangon Kumasi

Amsa: Malam, za su shiga, kuma a ganinmu sun fi mastad dacewa da gwaiduwa. Duk wanda ya taɓa dangwala dafaffen ƙwan zabi a yaji a tasha ya san wannan.

Wanda muka fi so shi ne mai bin tsarin kwaɗon zogale. A dafa zogale har ya yi laushi, a matse shi sosai a tafin hannu har ruwa ya daina ɗiga, a tsince itacen, a yanka shi ƙanana. Ga gwaiduwa 6, zogale babban cokali 2, garin ƙuli babban cokali 1, tsanannen kindirmo babban cokali 4, lemon tsami ƙaramin cokali 1, da ɗan barkono. An ƙara kindirmon ne saboda ƙuli yana shan ruwa. A bar kwaɓin ya huta minti 10 kafin a yanke masa hukunci, don abin da ya yi daidai yanzu zai yi tauri an jima. Ba a buƙatar mai, ƙulin yana da sauran nasa, ga gardi. A tace garin ƙulin da rariya, tsakuwarsa tana toshe bakin leda. In akwai baƙi, a faɗa musu da gyaɗa a ciki, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Daddawa ma tana aiki, kusan irin aikin da murri ke yi wa mutanen Andalus, amma da taka-tsantsan. A ɗan gasa ta a busasshen kasko har ƙamshinta ya sauya, a daka luƙui, a sa rubu'in ƙaramin cokali kacal. In ta wuce haka, ƙwan ya zama miya. Amfaninta shi ne tana maye gurbin dunƙulen magi. Masu son kifi kuma su tsane rabin gwangwanin sadin daga mansa, su murƙushe a ciki, su bar gishiri gaba ɗaya su ƙara lemon tsami don ƙarni.

Ƙwan zabi yana yin ciko mai kyau, don gwaiduwarsa tana da yawa in aka gwada da girmansa. Ya fi na kaza ƙanƙanta, minti 9 a tafasasshen ruwa ya ishe shi, kuma ƙwai 8 ne suke cin ma'aunin 6 na kaza. Ɓawonsa tauri gare shi, sai an buga da bayan cokali. Da yake da damina ake samunsa, sau da yawa kuma tsinto shi ake yi a jeji ba a san kwanansa ba, a gwada kowanne a ruwa kafin a ɗora.

Tambaya: Ina da hawan jini da ciwon suga. An ce gwaiduwa tana toshe jijiya. Nawa zan iya ci? — Wani dattijo daga Sakkwato

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ne gwaiduwar babban ƙwai tana da kolestarol, wato wani nau'in maiƙo da ke yawo a jini, kimanin miligiram 186. Amma fahimtar masana ta sauya: a 2015 hukumomin Amurka suka cire iyakar miligiram 300 a rana daga jagoran cin abincinsu, a 2019 kuma Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce mai lafiya zai iya cin ƙwai ɗaya kullum. Wannan magana ta mai lafiya ce. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya, likitan da ke duba jininsa shi ne zai yanka masa adadi, don haka a kai masa wannan tambayar yadda take. A tuna ɓari biyu ƙwai ɗaya ne.

Ta fuskar suga ƙwai ba ya tayar da hankali, sitacin da ke cikinsa bai kai giram 1 ba. Inda za a sa ido shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Yajin kasuwa yawanci da gishiri da magi a ciki, don haka a daka na gida: barkono, citta, masoro, tafarnuwa, ba gishiri. A cire kilishi da sadin. In likita ya ce a rage gwaiduwa, a ajiye 3 cikin 6, a cike gurbinsu da dafaffen wake da aka surfe aka murƙushe, babban cokali 3. Kaurin ɗaya ne, kuma da lemon tsami da yaji ba kowa zai gane ba.

Tambaya: Ina girkin biki. An ba ni aikin kiret biyu na ƙwai mai ciko don walima da azahar, ga zafin bazara, ga wutar lantarki ba tabbas. Yaya zan yi kada in kwantar da mutane? — Mai girkin biki daga Kano

Amsa: Hajiya, madalla da kika yi tambayar kafin ranar. Mutane da yawa suna zaton dafaffen ƙwai ya fi ɗanye jure ajiya, alhali akasin haka ne. Ɗanyen ƙwai yana da wani siririn rufi a bayan ɓawo da ke toshe ƙofofinsa, tafasa tana wanke shi. In aka ɓare, aka tsaga, aka kwaɓa da hannu, an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Ƙa'idar masu kula da lafiyar abinci ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Kano a watan Afrilu tana kaiwa 40. Abin tsoron shi ne wata ƙwayar cuta da ke zaune a fatar hannu da hancin mutum tana zuba dafi a abinci ba tare da ya yi wari ko ya sauya ɗanɗano ba, sai bayan 'yan awanni amai da gudawa su tashi. Saboda haka shinshinawa ba gwaji ba ce. A wanke hannu da sabulu, mai ciwo a yatsa kada ta taɓa, a yi kwaɓi da cokali.

Kiret biyu ƙwai 60 ne, ɓari 120. Za ki buƙaci kindirmo wajen lita ɗaya kafin a tsane, sauran kayan ki ninka ma'aunin da muka ba Hajiya ta Katsina sau goma, amma gishiri da lemon tsami ki fara da kashi uku cikin huɗu ki ɗanɗana. Kada ki dafa fiye da 12 zuwa 15 a tashi ɗaya. Ƙwai da yawa suna kashe tafasar ruwa, lissafin minti ya rikice, ɓarewa ta yi wuya.

In kina da firij mai aiki, ki dafa ana gobe ki bar su da ɓawonsu. A haka suna kai mako guda a sanyi, amma wanda aka riga aka cika kada ya wuce kwana 2 in ana son ya ci sunansa. In aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4, bayan nan sai ƙanƙara. Kada ki saka farin a firiza, yana fitowa kamar soso yana zubar da ruwa. In firij ɗin ba abin dogaro ba ne, ki dafa da asubar ranar.

Kada ki cika su a gida. Ki jera farin a roba mai murfi, da ƙyalle mai tsabta tsakanin layi da layi. Cikon ki raba shi a leda huɗu ko biyar, ki ɗaure. Ki shimfiɗa ƙanƙara a ƙasan kula, ki ɗora robar da ledojin a kai, ki rufe. A wajen walimar ki yanke bakin leda ɗaya, ki cika faranti ɗaya mai ɓari 24 zuwa 30, aikin minti biyar ne, ki barbaɗa yaji a fitar. In da hali a ɗora farantin a kan tire mai ƙanƙara, a inuwa. Ki duba agogo lokacin da ya fita. Abin da ya rage a kai bayan awa ɗaya a zubar, kada a ƙulle wa kowa a leda ya kai wa yara gida. Faranti na biyu kuma kada a cika shi sai na farko ya kusa ƙarewa.